Jan Dutse a Gindin Tukunya

Tun a filin jirgin Khartoum aka fara ɓata min rai. Ban ko gama shaƙar iskar ƙasar ba wani ma'aikaci mai farin kaya ya zura hannu cikin jakata ya zaro ƙullin geron da na naɗe a tsohon rawanin Baba. Ya kwance, ya shinshina, ya kira ɗan'uwansa, suka yi ta zuba wani Larabci mai gudu wanda ko kaɗan bai yi kama da wanda na karanta a zaure ba. Abin da na iya tsinta shi ne iri ba ya shiga ƙasarsu sai an tsare shi an duba ko yana ɗauke da cuta, in ya fita lafiya za a aika shi makarantar da zan je. Cuta, a geron da muke ci tun kakanni! Na yi faɗa da Hausa, na yi da Turanci, na haɗa da Larabcin littafi, suka yi ta dariya. Suka ba ni rawanin, suka riƙe geron.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Kaura Namoda, amma ɗan Gurbin Bore ne ta ƙasar Zurmi, kuma geron nan shi ne dalilin tafiyata. Ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da ke kama saiwar gero ta tsotse shi har ya tsumbure, ya addabi gonakin yankinmu. Gonar babana Malam Jatau kuwa ko tsinke ɗaya ba ka gani. Kowa ya yarda asirin yana cikin irin, har ana ce masa ɗan Jatau. Da aka ba mu sabuwar jiha, ana ta neman abin da za a nuna wa duniya, sai wasu manya suka ce in je in yi bincike in kawo takarda, su kuma za su yaɗa irin a duk faɗin jihar da sunan Baba. Kafin in ɗaure kaya Baba ya riga ya gaya wa duk wanda ke amsa sallamarsa. Ke nan abin da aka karɓe a hannuna ranar nan ba gero ba ne kawai, sunan tsohona ne.

Ina tsaye a bakin filin jirgin kamar an dasa ni sai na ji an ce, "Sannu ɗan'uwa," da Hausa tsantsa. Wani dogo ne mai tabon salla a goshi, ya ce sunansa Usman, kakanninsa mutanen Sakkwato ne da tafiyar hajji ta ajiye a nan. Ya saurari kukana, ya girgiza kai, ya ce ai haka suke yi, in sun ga iri mai kyau sai su ɓoye su sa masa sunansu. Wallahi kamar ya leƙa cikin zuciyata. Ya ce yana da mutum a ciki, in ba shi agogona ya kai masa, zai fito min da kayana. Na cire na ba shi. Can da la'asar sai ga shi da ƙulli a leda yana haki. Ina buɗewa na ga ƙwayoyin ƙanana ne jajaye, geron kasuwarsu ne da suke ce wa duhun. Na taso ina bin Baba kasuwar Shinkafi, inda ba a sayen hatsi sai an nutsa hannu har gindin buhu, ni za a yi wa wannan? Kafin in ɗago kai in yi magana ya shige cikin mutane. Agogo ya tafi, amma na samu abin lallashin kaina, na ce ko ba komai idona ya san geron gidanmu.

Da wannan zuciyar na hau motar Wad Madani, garin da makarantar take. Duk wanda ya yi min murmushi sai in ƙara matse jakata. Wani tsoho a kusa da ni ya miƙo min dabino na ce na ƙoshi, alhali cikina kuka yake. A makaranta aka ba ni ɗaki da fanka mai ƙara, da gadon igiya. Zafin garin ya wuce duk yadda zan kwatanta, ni da nake ganin mutumin Kaura ya gama sanin rana. Safe wake, rana wake, sai wata siririyar waina mai tsami da ba ta riƙe ciki. In na ce daga Zamfara nake sai a zagaye ni da tambaya a kan Shari'ar da aka ce an ƙaddamar a wurinmu, wasu su rungume ni, wasu su matsa gefe. Ni kuwa ba abin da ke raina sai gerona.

Wadda aka ba ni ta duba aikina mace ce, Dakta Ihsan, 'yar gajeruwa mai furfura a gaban goshi, ba ta ɗaga murya. Ranar farko na zauna na zayyana mata falalar ɗan Jatau tun daga kakana. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni da wane gero zan gwada shi. Na ce ban gane ba. Ta ce in na shuka nawa shi kaɗai, ƙuduji bai fito ba, ta ina zan san irin ne ya hana, ba ƙasar tukunyar ko ruwan ba? Dole a samu geron wata gona da ƙuduji ke ci, daga garinmu, a shuka su tare a ƙasa ɗaya. Na ce wane mai hankali ne zai ɗauko mugun iri ya tsallaka ƙasashe da shi? Ta yi murmushi ta ce to sai in aika a kawo. Daga nan ta shiga tambayata me kuma ya bambanta gonar Baba da ta maƙwabta, yaushe yake shuka, me yake zubawa, wa ke shiga gonar da rani. Na ce a raina, ga ta nan, so take ta kwashe komai. Na ce mata babu wani bambanci, iri ne kawai.

Gerona ya iso daga wurin masu tsaro bayan na gama cire rai, an like shi da hatimi, bai ragu ba. Na juye shi a faranti na bi shi ƙwaya-ƙwaya ina neman inda aka yi min musanya. Ban samu ba, amma hakan bai kwantar min da hankali ba, cewa na yi sun iya aikinsu ne.

Saƙon da na aika gida a nemo min geron Labbo, maƙwabcinmu na gona wanda ƙuduji ya fi ci a duk Gurbin Bore, ya ɗauki watanni. A cikin jiran nan ne na rame. Wata ranar Juma'a ina fitowa masallaci na ji ƙamshin daddawa, na bi shi da hanci har wata rumfa a bayan kasuwa. Wata tsohuwa ce ke tuƙa tuwo, ana ce mata Hajja Kaltume. Ta dube ni ta ce da wata Hausa mai tsufa, "Yaro, kai ɗan ƙasar kakana ne, zauna." Na tuna da Usman mai agogo, na zauna a ɗofane ina jiran in ji abin da za ta nema. Ta zuba min tuwon dawa da miyar kuka, na ci har hawaye suka zubo min cikin kwano, don rabona da ɗanɗanon nan tun hannun Inna. Na kawo kuɗi ta ture hannuna. Na koma Juma'a ta gaba, na koma ta gaba, kullum ina jiran ranar da za ta fito da buƙatarta. Har na bar ƙasar abin da ta taɓa roƙona shi ne in kwatanta mata yadda gulbin garinmu yake in ya kawo ruwa.

Geron Labbo ya zo a hannun wani ɗalibi ɗan Shinkafi, haɗe da kaset, don Baba ba ya rubutun boko, magana yake ɗauka ya aiko. Na ari rediyo na kulle ɗaki. Bayan gaisuwa sai faɗa: mi ya haɗa ni da hatsin Labbo, ko waɗanda nike wurinsu sun fara juya min kai ne? Ya ce mutane na zuwa tun daga Birnin Tsaba neman iri, yana ba su da alkawarin ɗansa na nan tafe da takarda. Sannan ya ba ni labarin Ardo Sambo, Bafulatanin da tun ina yaro yake sauka da shanunsa a gonarmu kowane rani bayan an kwashe amfani. Wai bana shanun sun riga lokaci sun shiga dawarmu sun yi ɓarna, magana ta kai gaban alƙali a Zurmi. Ƙanena Bello ne ya ga shigarsu da idonsa, amma alƙali ya ƙi sauraronsa, ya ce a Shari'a ba a karɓar shaidar ɗa in don amfanin ubansa ce. Baba ya fusata, ya rantse kofaton Sambo ba zai sake taka gonarsa ba. Na ji haushin alƙalin nan ƙwarai, na ce Bello da ko a wasa ba ya ƙarya.

Ranar shuka ce ta fi kowace rana ɓata min rai. An jera tukwanen ƙasa a wani ɗaki mai rufin raga, an cika su da ƙasa iri ɗaya da aka cuɗa da ƙwayar ƙuduji. Na nannaɗe hannun riga zan fara, sai Dakta Ihsan ta ce in fita waje. Ta ce wani ma'aikacinsu, Ammu Bashir, shi zai yi shukar. Duk tukunyar da ya sa ɗan Jatau zai binne jan dutse a gindinta, ta Labbo kuma farin dutse, sannan ya cakuɗa jerin yadda shi kansa ba zai tuna ba. Ni aikina in yi ban-ruwa daidai wa daida, in riƙa ƙirga ƙudujin da ya fito a kowace tukunya. Sai an gama a kife tukwane a ga duwatsu.

Jinina ya hau. A Shinkafi in mai hatsi ya ce kada ka taɓa gindin buhu, ai ka san abin da ke ciki. Na ce mata gerona ne, na ubana, na tsallako da shi, an karɓe an dawo da shi, yanzu kuma a ce in juya baya a shuka shi? Me ake ɓoye min?

Ta ce, "Ba don kai maƙaryaci ba ne, Lawali. Don kana son amsa guda ce. Ni ma da geron ubana ne, sai na fita."

Na fita, amma ba don na yarda ba. Na tsaya a inuwar wata bishiya ina hango inuwar Ammu Bashir ta cikin raga, ina ayyana yadda zai zuba nawa a aljihu ya cika tukwane da na Labbo. Tun daga ranar na sa masa ido. In ya gaishe ni sai in ga kamar dariya yake min. Ya taɓa kawo min shayi a wurin aiki, na ajiye shi har ya huce.

Gero ya tsiro, ya yi kara. Bayan wasu makonni ƙuduji ya fara leƙowa, wasu tukwanen ya cika su, wasu kaɗan, wasu kamar an share. Nan na samu natsuwa, don na gane nawa. Ga su nan kore shar, ganye mai faɗi, tsayuwa irin ta gonar Baba, musamman wasu guda uku a layin bango. In na zo kansu har gaishe su nake a zuci. Sau da yawa yatsana ya yi ƙaiƙayin ya tona gindin ɗaya in tabbatar, sai in ga ai ba buƙata, wanda ya gane geron kasuwa a leda ba zai kasa gane na gidansu a tukunya ba.

Wata rana ina ƙirga a ɗaya daga cikin ukun nan na ga wani ɗan tsiro a gefe. Na tsaya ina gardama da kaina, wannan ƙuduji ne ko wata ciyawa ce, a sa shi a lissafi ko a bar shi. A tukunyar da nake ganin ta Labbo ce ban taɓa tsayawa irin wannan tunani ba, gani nake in ƙirga. Sai maganar alƙalin Zurmi ta faɗo min. Bello ba ya ƙarya, ni ma ba na yi, amma ga shi idona na neman ya yi wa Baba alfarma a kan tsiron da bai kai farce ba. Na daɗe a tsugune a wurin. Na ƙirga shi, raina ba daɗi.

Ranar kifewa Dakta Ihsan ta sa na fara miƙa mata duk ƙirgata, ta sa hannu, sannan aka shimfiɗa buhuna a ƙasa. Na ce a fara da ukun layin bango. Ammu Bashir ya kife ta farko, ya fasa dunƙulen ƙasar da hannu, farin dutse ya faɗo. Na ce kuskure ne. Ta biyu fari. Ta uku ja. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ja a cikin masu kyau, ja a cikin waɗanda ƙuduji ya cinye, fari ma haka. Wadda ta fi kowace lalacewa, wadda kullum nake wucewa ina cewa Allah sarki Labbo, jan dutse ne a gindinta. Da aka haɗa lissafi, ɗan Jatau da geron Labbo ba wanda ya fi wani.

Na ce an yi min musanya, na faɗa da ƙarfi a gaban kowa. Ammu Bashir ya ci gaba da tattara duwatsunsa. Dakta Ihsan ta ce zargi halal ne a wannan aiki, amma shi ma sai an gwada shi. Ta ce ragowar irin yana hannuna, in sake shukawa da kaina, in binne duwatsun da kaina, in kawo wanda na yarda da shi ya cakuɗa tukwanen ya yi ƙirgar. Na kawo ɗalibin nan ɗan Shinkafi. Muka sake ɗaukar wata uku. Amsa ta fito yadda ta fito da fari, kuma wannan karon ba wanda zan tuhuma.

Na yi kwanaki ba na shiga mutane. Kunya nake ji, da tsoron ranar da zan tsaya gaban Baba. Da na koma ofishin Dakta Ihsan ba ta tuna min da abin da na faɗa ba. Tambayarta ta ranar farko ta sake yi min, me kuma ya bambanta gonar. Ta ce tsabtar gonar gaskiya ce, mutanen gari ba makafi ba ne, dalilin ne ba mu kama ba. Wannan karon na buɗe baki. Na faɗi lokacin shuka, na faɗi noma, na zo kan wanda ke shiga gonar da rani sai abin ya faɗo min. Shanun Ardo Sambo. Shekara da shekaru suna kwana a gonar nan tun daga kaka har faɗuwar ruwa, ƙasar har baƙi take yi. Labbo kuwa tun wata rigima da aka yi da ubansa ba Bafulatanin da ke sauka a tasa.

Muka yi gwaji na uku, rabin tukwane da takin shanu, rabi babu, duka iri biyun, duwatsu a gindi. Duk inda taki yake ƙuduji ya ragu sosai, ko na Baba ne ko na Labbo. Da na fara murnar na gano, Dakta Ihsan ta tare ni, ta ce tukunya ba gona ba ce, abin da zan iya rubutawa shi ne irin ba shi ne ba, taki kuma ana kyautata zato, sai an gwada a ƙasar Gurbin Bore kafin a rantse. Haka na rubuta. Ranar da zan taho na je na gaida Ammu Bashir, ya kawo shayi, na shanye shi da zafinsa. Ya ciro jan dutse ɗaya daga aljihu ya sa min a hannu.

Na sauka gida damina ta yi nisa, damina ta biyu ke nan ba shanu a gonarmu. Inna ta ce Baba yana gona tun da safe, kwanan nan ba ya yarda kowa ya bi shi. Na same shi can tsakiya, a duƙe cikin gero, yana tsinke wani abu yana turawa a aljihun riga. Da ya ji motsina ya miƙe da sauri ya dafe aljihun. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, idonsa na kan jakata. Ta gefen yatsunsa ina hango furen ƙuduji.

Ya ce, "Ka taho da takardar?"

Na ce, "Na taho da ita, Baba."

"Mi ta ce?"

Duk hanya na shirya yadda zan zagaya, amma da na ga hannunsa a kan aljihun nan sai na kasa. Na ce, "Ba irin ba ne, Baba. Da naka da na Labbo duk ɗaya ne. Abin da na fi zato, shanun Ardo Sambo ne."

Na jira ya ce an saye ni, ko an juya min kai, don da ni ne a matsayinsa abin da zan ce ke nan. Sai ya zare hannu daga aljihu, ya zazzage furannin a ƙasa tsakaninmu, sun fi yadda na zata yawa.

Ya ce, "Alƙali ya ce ba a karɓar shaidar ɗa in don ubansa ya yi ta. Wagga kuwa a kaina ka yi ta. Dole in karɓa."

Sai da muka kusa gida ya ce waɗanda ya ba iri shi zai bi su da ƙafarsa ya gaya musu, kada in riga shi. Rantsuwar da ya yi kuma zai yi kaffara.

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa, ya sayi goro mai kyau aka naɗe masa a ganye, muka tafi kasuwar Shinkafi. Muka shiga kara, wurin cinikin shanu, muna bin Fulani ɗaya bayan ɗaya muna tambayar inda Ardo Sambo ya sauka. Wasu suka ce ba su san shi ba, na kuwa ga alamar sun sani, kallon da suke mana irin wanda na yi ta yi wa mutane ne a Wad Madani. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce Sambo ya tsallaka wajen Maraɗi tun bara da iyalinsa da shanunsa duka, kuma ya ce ba zai dawo ba.

Baba ya yi masa godiya. Muka hau mota, ya ɗora ƙullin goron a cinya ya riƙe da hannu biyu, har muka iso Gurbin Bore bai kwance shi ba.